A Shiga Darasin Adabin Turanci ta Ƙofar Hausa da Larabci

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani sashe na darasin Turanci da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato sashen da ake koya wa ɗalibai dabarun adabi da sunayensu, irin su kamantawa da siffantawa da mutuntarwa da kambamawa da jigo da zubin labari. Ni malamin Turanci ne a wata makarantar sakandare a Gadarif, a gabashin Sudan, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da ke zama a gabana 'ya'yan Hausawa ne. Abin da nake son in faɗa shi ne, waɗannan yara suna zuwa aji da kusan dukkan dabarun nan a bakinsu, sun sha su a nono cikin Hausa, sun kuma karanta su da sunayensu a darasin balaga na Larabci, wato ilimin fasahar magana, amma idan aka zo darasin Turanci sai a gabatar musu da su tamkar wasu baƙin abubuwa da ba su taɓa ji ba, a ce su haddace.

Domin mai karatu na Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya gane halin da ɗalibinmu yake ciki, ya kamata in yi ɗan bayani. Hausawa sun daɗe suna ratsa wannan ƙasa a kan hanyarsu ta zuwa aikin Hajji, wasu suka yada zango suka zauna. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira da sunansa kusa da Sinnar. Wasu kuma noman auduga na Jazira ne ya riƙe su bayan an buɗe shi a 1925, wasu noman riɗi da dawa a nan Gadarif. Jikokin waɗannan mutane suna yin Hausa a gida, Hausar da ta sha Larabci sosai, kamar yadda Farfesa Al-Amin Abu-Manga ya nuna a littafinsa na 1999 a kan Hausar Sudan. A makaranta kuwa Larabci ne harshen karatu, domin tun 1965 aka mayar da koyarwa a sakandare daga Turanci zuwa Larabci, jami'o'i kuma suka bi sahu a 1990. Saboda haka Turanci shi ne harshe na uku ga yaronmu, kuma ba ya jin sa a kasuwa, ba ya jin sa a masallaci, sai a 'yan mintocin da aka ware masa a jadawali, cikin jerin littattafan SPINE da aka fara amfani da su a shekarun 1990 da kuma SMILE da suka biyo baya. A kan wannan kuma sai ga yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, wanda ya rufe makarantu, ya mayar da azuzuwa da yawa masaukin 'yan gudun hijira, har ɗaliban da ya kamata su zauna jarrabawar Shahadar Sudan, wato ta kammala sakandare, a 2023 ba su samu zama ba sai a ƙarshen Disamba 2024. Yaron da ya yi asarar wannan lokaci mai tsawo ba shi da sauran sa'a guda da za a ɓata masa a kan haddar da ba ta kai shi ko'ina.

Yadda aka saba koyar da wannan sashe sananne ne ga duk wanda ya zauna a aji. Malami zai rubuta sunan dabara a allo, ya rubuta ma'anarta da Turanci, ya kawo misali guda, ɗalibai su kwafa, su maimaita da ƙarfi. Ranar jarrabawa idan aka tambayi ma'anar sai a zubo ta babu kuskure ko na harafi ɗaya, amma idan aka ajiye musu baiti aka ce su nuna inda dabarar take, su faɗi abin da ta ƙara wa maganar, sai a yi tsit. Ban ga laifin yaran ba, kuma ba na ɗora wa malamai dukkan laifin, domin yawancinsu haka su ma aka koya musu, ga cunkoson aji, ga ƙarancin littattafai. Amma sunan dabara ba shi da wani amfani ga wanda bai iya gane ta a cikin magana ba.

Wata rana na rubuta wa ɗalibai layin nan na Shekspiya inda ya ce duniya tamkar dandalin wasan kwaikwayo take, maza da mata kuma 'yan wasa ne, sai dai shi bai sa kalmar kamantawa ba, kai tsaye ya ce duniya dandali ce. Na tambayi wata yarinya mai ƙoƙari ko wace dabara ce wannan. Ta miƙe ta karanto mini ma'anar simili, wato kamantawa, da ta metafo, wato siffantawa, daga ka, amma ta kasa zaɓar wadda ta dace da layin. Sai na juya harshe na ce mata da Hausa: "'Yata, idan kakarki ta ce duniya rawar 'yan mata ce, me take nufi?" Ba ta ko tsaya tunani ba ta ce: "Ustaz, ai na gaba shi ke komawa baya. Wanda yake da shi yau, gobe yana iya rasawa." Na ce: "To, duniyar ɗaura zane take yi ta shiga fili?" Ta rufe baki da gefen mayafinta tana dariya, ta sake duban allo, sannan ta ce da Turancinta mai rauni cewa mawaƙin ma bai ce kamar ba, ya mayar da duniyar dandalin ne gaba ɗaya. Kafin in ce komai sai wani yaro Balarabe daga bayan aji ya ɗaga hannu ya ce ai wannan shi ne tashbihi baligi da suka karanta a balaga.

Maganar yaron nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ya faɗi daidai, kuma abin da ya faɗa ya fi abin da ke cikin littafin Turancin zurfi. Malaman balaga sun raba wannan ilimi gida uku, ma'ani da bayani da badi'i, kuma a cikin bayani ne suka yi maganar tashbihi da isti'ara da kinaya. Sun ce tashbihi yana da rukunai huɗu, wato abin da aka kamanta, da abin da aka kamanta shi da shi, da kalmar kamantawa, da kuma fuskar da suka yi kama. Idan aka ce wane kamar zaki yake wajen jarunta, rukunan sun cika. Idan aka jefar da kalmar kamantawa da fuskar kama aka ce wane zaki ne, an samu tashbihi baligi. Idan kuma aka jefar da wanen ma gaba ɗaya aka ce na ga zaki a kan mumbari yana huɗuba, to an shiga isti'ara. Darasin Turanci na sakandare yana haɗa na biyu da na uku a ƙarƙashin suna ɗaya, wato metafo. Masanin nan na Ingila, I. A. Richards, sai a 1936 ya ba ɓangarori biyu na siffantawa sunayen da ake koyarwa a jami'o'i a yau, alhali Abdulƙahir al-Jurjani, wanda ya rasu a ƙarni na 5 na Hijira, ya riga ya feɗe wannan mas'ala a Asrarul Balaga da Dala'ilul I'ijaz, kuma Ibn al-Mu'utaz ya rubuta littafinsa na badi'i tun a shekara ta 274 ta Hijira. Ban kawo wannan don in ce wani ya fi wani ba, domin Aristo ma ya yi maganar siffantawa tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Na kawo shi ne don a ga cewa ɗalibin da aka yi masa bayanin ayar nan ta farkon Suratu Maryam, inda Annabi Zakariyya ya siffanta furfurar kansa da kamawar wuta, ba sabon shiga ba ne a wannan fage, kuma zalunci ne a bi da shi kamar sabon shiga.

Hausa kuwa ta ba shi tun kafin ya san allo. Kirarin Kano, tumbin giwa, siffantawa ne. Mutuwa rigar kowa siffantawa ne. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya ya fi su duka dabara, domin ba a ambaci itace ba, an dai ara wa ƙarya furensa da 'ya'yansa, kuma wannan shi ne abin da malamin balaga zai kira isti'ara makaniyya. Masana adabin Hausa a jami'o'in Najeriya sun raba kamantawa zuwa ta daidaito da ta fifiko da ta kasawa, gwargwadon ko an ce abu kamar wani yake, ko ya fi shi, ko bai kai shi ba. Sun kuma lura cewa ba mutum kaɗai ake ara wa abu halinsa ba, shi ya sa suka sanya dabbantarwa da abuntarwa kusa da mutuntarwa. Yaron da ya ji an ce rana ba ta ƙarya, ko baki shi ke yanka wuya, ya san mutuntarwa. Wanda ya ji an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka ya san yadda ake ambaton sashe ana nufin mutum ɗungurungum. Wanda ya ji an ce wane yana da dogon hannu, ko an ce tsoho ya riga mu gidan gaskiya, ko amarya ta sauka lafiya, ya san kinaya da sakaya zance, kuma ya san dalilin da ya sa ake yin su, wato kunya da ladabi da tausasa abin da ke da nauyin faɗa. Wannan dalilin shi ne ainihin abin da ake nema ɗalibi ya rubuta idan an tambaye shi amfanin dabara a cikin nassi.

Inda na fi ganin ribar wannan hanya shi ne a kan abin da Turawa ke kira aironi, domin babu dabarar da ta fi ta wahalar da ɗalibanmu. Littafi yakan ce iri uku ce, ta magana da ta yanayi da ta wasan kwaikwayo, sai yaro ya haddace ukun ya kuma cakuɗa su. Amma a ce masa ya tuna ranar da mahaifiyarsa ta same shi kwance a inuwa alhali an aike shi ɗebo ruwa, ta dube shi ta ce sannu da aiki. Babu ɗan Bahaushen da zai amsa da yauwa, domin ya san gatse ne, ya san kalmomin sun nufi gabas ma'anar ta nufi yamma. Wannan ita ce ta farko. Ta biyu kuwa karin magana ya gama bayaninta da ya ce mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi, ko wanzami ba ya son jarfa, wato al'amari ya juye ya zama kishiyar abin da ake tsammani daga mai shi. Ta uku ita ce gishirin tatsuniyoyin Gizo. Yara suna zaune gaban kakarsu, sun san Gizo ya shirya wa Kura gadar zare, Kura kuwa ba ta sani ba, tana ta godiya tana bin sa, su kuma suna ƙyalƙyala dariya tun kafin abin ya auku. Daɗin yana cikin cewa mai sauraro ya san abin da tauraron labari bai sani ba. Da wannan zaren ne Shekspiya ya saƙa ƙarshen wasan Romiyo da Juliyet, inda 'yan kallo suka san yarinyar barci take yi, saurayin kuwa ya ɗauka ta mutu. Idan aka bi da ɗalibi daga Gizo zuwa wannan wasa, ba zai sake rikita nau'o'in nan uku ba, kuma zai ji zafin abin a zuciyarsa, wanda shi ne dalilin rubuta wasan tun farko.

Haka abin yake ga zambo da habaici da kwaikwayon ba'a. Al'ummar da take da maroƙa masu yi wa abokin hamayyar ubangidansu zambo, da kishiyoyi masu jifan juna da habaici a bakin turmi ba tare da kama suna ba, da 'yan kama masu ɗaukar sanannen kari su cika shi da zancen tuwo da miya, ba ta bukatar a yi mata doguwar lacca a kan yadda adabi ke gyara hali ta hanyar dariya. Dabarun sauti ma haka. Karangiyar kwaɗo da ƙato da ƙoto da yara ke yi don gwada harshe ita ce maimaita baƙi da mawaƙan Turanci ke ƙawata baiti da shi, kuma harshen da ke cewa ya faɗa ruwa tsundum, ko fari fat, ko ja wur, ba a koya masa yadda sautin kalma ke zana hoto.

A fagen ƙagaggen labari ma muna da abin kafa misali. Idan ana maganar labari cikin labari, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, inda aku ke riƙe ɗan sarki da labaru, ya isa misali, kuma ɗalibin Sudan zai haɗa shi nan take da Dare Dubu da Ɗaya. Idan ana maganar waiwaye, wato a fara daga ƙarshe a koma baya, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar rubutu ta 1933 a Zariya, an gina shi ne a kan malami yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa, tun daga ƙuruciya da bauta da ƙetare Sahara. Idan kuma ana maganar wane ne ke ba da labari da kuma iyakar abin da ya sani, ɗan ƙasar nan Ɗayyib Salih ya ba mu misali a shahararren littafinsa na 1966 a kan hijira zuwa arewa, inda mai ba da labarin, wanda ba a faɗi sunansa ba, yake tsinto tarihin Mustafa Sa'id guntu-guntu, mai karatu kuma yana tsinta tare da shi. An fassara wannan littafi zuwa Turanci a 1969, saboda haka malami yana iya ajiye shafi ɗaya a harsuna biyu a gaban ɗalibai.

Ba ina cewa komai na adabin Turanci yana da ɗan'uwa a wurinmu ba, kuma malamin da ya nuna wa yara haka ya cuce su. Akwai wuraren da tilas a tsaya a ce musu nan kam hanya ta rabu. Na farko shi ne karin waƙa. Arulin da Khalil ɗan Ahmad ya tsara a ƙarni na 2 na Hijira, wanda mawaƙan Hausa na rubutacciyar waƙa suka ɗauka tun zamanin masu jihadi, yana auna gaɓa ne da nauyi da sauƙi, wato doguwa da gajera. Karin Turanci kuwa yana tafiya ne da inda murya ke dannawa, shi ya sa layin Shekspiya yake da gaɓa goma da bugu biyar, mara ƙarfi sannan mai ƙarfi. Kunnen Bahaushe ya saba da tsawon wasali da hawa da saukar murya, bai saba da wannan dannawa ba, don haka sai an karanta masa da ƙarfi, an sa shi ya tafa, an maimaita, kafin ya ji bugun. Amsa-amo ma ya bambanta, domin ƙasidar Larabci tana riƙe ƙafiya ɗaya daga farko har ƙarshe, waƙar Hausa 'yar ƙwar biyar tana da ƙaramin amsa-amo a cikin baiti da babba a ƙarshensa, sonet ɗin Turanci mai layi 14 kuwa yana sauya amsa-amonsa yana saƙa shi bisa wani tsari na daban.

Na biyu shi ne alama da ishara, kuma a nan ne al'ada ke shiga tsakani. Mujiya a adabin Turawa alamar hikima ce, a wurinmu kuwa tsuntsuwa ce da ake ƙyama ana camfa ta. Shekspiya yana da sonet da ya buɗe da tambayar ko ya kamanta abin ƙaunarsa da ranar bazara. Yaron Gadarif da ya san watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ƙasa ta tsage, ruwan randa ya yi ɗumi, ba zai ga yabo a wannan kamance ba, sai an gaya masa cewa bazarar Ingila ita ce lokacin da sanyi ya tafi, ganye ya fito, rana ta yi daɗi, kusan abin da shi yake ji idan ruwan farko ya sauka ƙasa ta yi ƙamshi. Ishara kuwa ita ce ambaton wani sanannen labari a taƙaice da zaton mai sauraro ya san shi. Mu muna cewa haƙurin Annabi Ayuba, muna cewa dukiyar Ƙaruna, kowa ya gane. Marubutan Turanci suna yin irin wannan da Baibul da tatsuniyoyin Girkawa da waƙoƙin magabatansu. Chinua Achebe ya ɗauko sunan littafinsa na 1958, Things Fall Apart, daga wata waƙa ta mawaƙin Ailan, Wiliyam Yets, wadda ke maganar rushewar tsarin duniya, kuma wanda bai san wannan ba ya rasa wani kaso na abin da sunan ke ɗauke da shi. Hausa za ta nuna wa ɗalibi yadda ishara ke aiki, amma labaran da ake ishara da su sai malami ya ba shi.

Na san abin da wasu abokan aikina ke cewa, domin mun sha tattauna shi a ɗakin malamai. Suna cewa lokacin Turanci kaɗan ne, kuma duk mintin da aka yi ana magana da wani harshe an rage wa yaro damar jin Turanci. Wannan damuwa ce ta gaskiya, kuma ni ma ba na goyon bayan a mayar da darasin Turanci darasin fassara. Abin da nake nema bai wuce minti biyu ko uku a farkon kowace dabara ba, a kafa ta da misalin da yaro ya riga ya mallaka, sannan a koma Turanci a zauna a cikinsa har ƙarshen darasi. Wanda zai hau doki ba ya raina likkafa don ba ita ce dokin ba. Suna kuma cewa ajinmu ba na Hausawa kaɗai ba ne, akwai Larabawa da Beja da Bani Amir da Nuba da wasu. Wannan ma gaskiya ne, amma ni a wurina ƙarin dalili ne. Idan aka ce kowane ɗalibi ya kawo karin magana ɗaya daga harshen gidansu, ya faɗe shi, ya bayyana ma'anarsa da Turanci, sannan aji ya yanke hukuncin ko wace dabara ce a ciki, an yi darasin adabi, an yi darasin magana, kuma yaron da ya saba sunkuyar da kai idan aka ambaci harshen iyayensa ya ga an rubuta maganar kakarsa a allo kusa da ta Shekspiya. Wanda ya zauna a ƙasar nan ya san cewa wannan ba ƙaramin abu ba ne ga 'ya'yanmu, domin akwai gidajen da Hausa ke ƙarewa a bakin kaka, jikoki suna ji amma ba sa mayarwa.

A nan ne kuma iyaye suke da nasu kason. Uwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana iya ganin ba ta da abin da za ta taimaka wa 'yarta da shi a darasin Turanci, alhali duk daren da ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta kai labari har ƙurunƙus, ta koya mata mabuɗi da rikici da ƙololuwa da warwarewa, wato zubin labari da za a tambaye ta a jarrabawa. Wayar hannu ta ci wannan lokaci a gidaje da yawa, gudun hijira kuma ya raba jikoki da kakanni. Ina roƙon duk wanda Allah ya bar masa tsoho ko tsohuwa a gida ya sa yara su zauna gabansu, ya kuma yi amfani da wayar nan ya naɗi tatsuniyoyin da karin maganar da waƙoƙin daka da na biki, musamman waɗanda suka tsiro a nan Sudan, waɗanda ba za a same su a wani littafi na Zariya ko Kano ba.

Babban abin da ya sa na rubuto wa jaridarku shi ne rashin kayan aiki. Malaman jami'o'in Najeriya sun yi aiki mai yawa a wannan fage. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya rubuta Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, Farfesa Abdullahi Bayero Yahya ya rubuta Salo Asirin Waƙa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya rubuta Jagoran Nazarin Waƙar Baka, kuma yawancin sunayen Hausa da na yi amfani da su a wannan wasiƙa daga irin waɗannan ayyuka suka yaɗu. Amma littattafan ba sa isowa hannun malamin sakandare a Gadarif ko Kassala ko Sinnar, kuma ko sun iso, da yawa daga cikin Hausawan Sudan ba su saba karanta Hausa da rubutun boko ba, idonsu ya fi sabawa da baƙaƙen Larabci. Saboda haka ina roƙon ka, ya Edita, ka ware ɗan fili a jaridar nan, ko da sau ɗaya a wata, inda wani masani daga sashen Hausa na Jami'ar Bayero ko ta Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Ahmadu Bello zai ɗauki dabara guda, ya kawo sunanta da Hausa da Larabci da Turanci, ya kawo misali daga kowanne, ya kuma nuna inda suka dace da inda suka saɓa. Idan za a iya fitar da shafin da ajami ma, to amfaninsa zai kai ga iyaye da malaman zaure. A sa shi a intanet ta yadda za a iya tura shi ta WhatsApp a buga a takarda ɗaya, domin abin da aljihun makarantunmu zai iya ɗauka ke nan a halin yanzu. Ni da wasu malamai a nan a shirye muke mu riƙa aiko muku da misalai daga Hausar Sudan, mu kuma sanar da ku yadda kowane shafi ya karɓu a aji.

Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka, ya kuma dawo wa ƙasar Sudan da zaman lafiya.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin Turanci,
Gadarif, Sudan.